Gangar Turmi

Ganguna ashirin da uku aka dawo mini da su a cikin damina ɗaya. Manya bakwai, irin waɗanda sai mutum biyu suke ɗagawa, matsakaita goma, sauran shida ƙanana. Babu wadda ta tsage, babu wadda fatarta ta saki. Laifinsu ɗaya ne, ana jin su daga nesa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gina sunana a Birnin Gwari a kan wannan abin, cewa in Bitrus Mai Ganga ne ya ɗaura fata, ƙauyuka uku za su san an shiga sujada. A shekarar nan abin da nake taƙama da shi ya zama abin da zai iya kawo 'yan bindiga har ƙofar coci. Ko dai in samo wata dabara, ko in rufe shago in koma sayar da masara.

Ina ba da wannan labarin ne saboda samarin mawaƙa da ke zuwa shagona sayen wayar jita da batirin makirfo. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya ƙwanƙwasa wata ganga da makullin mashin ɗinsa ya ce, "Baba, wannan ai rami ne da fata. Ni ma in na samu yini biyu zan yi." Ban yi fushi ba. Ni ma haka na ɗauka da ina kamarsa.

Mahaifina manomi ne, daga kudancin Kaduna ya zo wajen Kuyello neman ƙasar noma. Ni noma bai karɓe ni ba, sai ya kai ni wurin Baba Ayuba, wani tsoho Bagwari mai sassaƙa turmi da kujera da ganga. Wata huɗu na yi a hannunsa bai bar ni na riƙe gizago ba. Aikina in bi shi daji, ya tsaya gindin bishiya, ya buga ta da bayan gatari, ya juyo ya ce, "Me ta ce?" In na ce ba ta ce komai ba, sai ya yi gaba. Ran nan ya buga wata alilliba, na ji ƙarar ta shiga ciki ta ɗan jima kafin ta mutu, na ce, "Baba, wannan ta amsa." Ya miƙo mini gatarin. Wannan ce bishiyar farko da na sara.

A wurinsa na koyi cewa ba a saran itacen ganga da damina, sai ruwa ya sauka daga jikinsa. A sare, a ɓare, a kwantar a inuwa shekara guda cur. Wanda ya yi gaggawa ya fafe ɗanyen itace, gangarsa za ta yi daɗi wata uku, daga nan ta tsage daga baki. Kangon ganga, wato jikinta na itace, da gizago ake fafe shi, kuma kaurin bangon sai ya zo daidai ta ko'ina. Ba mu da ma'auni. Hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, kana shafawa kana jin inda ya fi kauri. Fata kuma ba a jeme ta. Fatar da ta sha bagaruwa ta takalmi ce, a kan ganga ba ta magana. Ɗanya ake so, a jiƙa, a shafa toka a kankare gashin, a ɗaura tana da laima, rana ta ƙarasa jan ta. Ƙaramar ganga fatar akuya, babba fatar saniya.

Akwai ranar da na gama wata ganga ta yi murya sosai, na shiga yabon kaina a gabansa. Baba Ayuba bai yi makaranta ba, amma ya daɗe yana zama a bencin gaba a coci. Ya ce, "Kai ka sa muryar a ciki? Tun ranar da Allah ya yi itacen nan ya ajiye ta. Ya ajiye a fatar akuya, ya ajiye a maƙogwaron tsuntsu, ya ajiye a kunnenka. Kai dai datti ka kwashe daga kan hanya." Shekara nawa ina jin wa'azi a kan cewa kiɗa baiwa ce daga Allah, ban ji wanda ya faɗe ta a taƙaice kamar tsohon nan ba.

Da na bar hannunsa, da keke na fara. In ɗaure ganga biyu a baya, in bi ƙauyuka ranar kasuwa, Tabanni, Kuyello, Dogon Dawa da na cikinsu. Na lura duk cocin da ya sayi ganga zai tambaye ni tulun kiɗa da caki da kuge, sai na ƙulla da mata masu ginin tukwane da wani maƙeri, ina saro nasu ina haɗawa da nawa. Haka shago ya samu. Fata kuma daga wajen Jauro Buba nake karɓa, wani Bafulatani da rugarsa ke bayan gari. Shi ya san irin wadda nake so, ta dabbar da aka yanka ba wadda ta mutu ba, babu hujin wuƙa, babu tabon kaska da yawa.

Duk mai son shiga wannan kasuwa ya san masu sayensa. In kwamitin maza suka zo, za su ƙwanƙwasa da yatsa sau ɗaya, sauran awa biyun ciniki ne. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, su ne suka san ganga. Za su zauna a ƙofar shago, ɗaya ta ɗaga waƙa, a kaɗa, in gangar ba ta zauna ƙarƙashin muryarsu ba ko kyauta ba za su ɗauka ba. Wani matashin fasto ya taɓa tambayata ko ba na jin nauyin sayar da abin da Allah ya bayar kyauta. Na ce, "Fasto, itace nake sayarwa da fata da ciwon baya. Muryar ban taɓa sa mata farashi ba, don ba tawa ba ce." Ya yi dariya ya biya.

Sai mummunar shekarar ta zo. Dama daji ya riga ya rufe mana, ba mai shiga neman alilliba sai wanda ya gaji da ransa. Amma a wannan daminar abin ya kai ga ƙauyukan gefe suka daina kiɗa. Lissafinsu mai sauƙi ne. Ganga na sanar da cewa jama'a sun taru wuri ɗaya, maza da mata da yara, kuma mutanen daji suna da kunne. Dattawan coci-coci suka yanke a bar ganga, a bar lasifika, a yi waƙa ƙasa-ƙasa a tashi da wuri. Wasu suka ji tsoron ma a gan ta a ɗakin ajiya, shi ne aka riƙa kawo mini, a kan mashin, a cikin a-kori-kura, a ce, "Mai Ganga, ajiye mana, ko ka sayar in ka samu mai saye." Wa zai saya? Wata biyar ban ɗaura fata ko ɗaya ba.

Wata Laraba da hantsi Mama Saratu ta iso. Ita ce Uwar Zumunta a wani ƙauye da ke bakin daji ta wajen Dogon Dawa, ba zan faɗi sunansa ba. Gajeruwar mace ce mai ƙarfi, ta haura sittin, ta taɓa sayen ganga uku a hannuna. Tare da ita akwai Dattijo Markus na cocinsu, wanda daga fuskarsa na gane janyo shi aka yi.

Bayan gaisuwa ta ce, "Mai Ganga, ganga nake so."

Na nuna mata tulin da ke bayan shago. "Mama, ga su nan har da naku. Zaɓi."

"Ba irin waɗannan masu bakin ba. Wadda za a ji a cikin coci, amma ba za a ji a hanya ba."

Dattijo Markus ya girgiza kai. "Ka ji ko? Tun daga gida nake gaya mata. Allah yana jin zuciya, ba ya bukatar ganga. Mu tsira da rayukanmu tukuna, rai ma ai baiwa ce."

Ta juya wajensa. "Dattijo, wa ya ce yana bukata? Mu ke bukata, shi ya sa ya ba mu. Ba roƙonsa muka yi ba, da kansa ya bayar. Wata uku ke nan muna waƙa kamar masu zaman makoki. Matan da aka kashe wa maza sun daina zuwa, sun ce zaman gida da zaman coci duk ɗaya ne. Yara sun fara manta inda ake tafi. In mun mayar wa Ubangiji kyautarsa muka ce ba ma so, me ya rage da ɓarayin nan ba su ɗauka ba?"

"In kuma aka ji ta a daji, ke za ki amsa?"

"Shi ya sa na zo wurin mai sana'a, ban je wurinka ba."

Na tambaye ta nisan da take nufi. A nan na san da gaske ta zo. Ta ce ta auna da ƙafarta, daga ƙofar coci zuwa hanyar da masu mashin ɗin daji suke bi taku ɗari da tamanin ne. In ƙarar ta mutu kafin nan, dattawa sun yarda a gwada. In ta wuce ko da taku ɗaya, magana ta ƙare. Na ce ta ba ni mako uku. Ban san ta inda zan fara ba, amma ɗan kasuwa ba ya faɗin haka a gaban mai saye.

Sai da na nemi wanda zai auna mini. Kunnena ya sha kiɗa shekara da shekaru, ban yarda da shi a kan ƙaramar ƙara ba. Na je wurin Jauro Buba, mutumin da ke gane kukan saniyarsa ɗaya a cikin garke daga ƙetaren rafi. Da na gaya masa sai ya ce, "To, Bitrus, yau kuma aikin coci za ka sa ni? Nawa ne albashin?" Na ce goro da shayi. Ya ce ya yarda, don shi ma garkensa rabi ya tafi a hannun mutanen nan. Muka shirya a gonata da ke bayan gari, da sassafe lokacin da iska take kwance. Ni in kaɗa, shi ya yi ta tafiya yana ƙirga taku, inda ya daina ji ya kafa sandarsa.

Gwajin farko kuskuren da kowane makaɗi zai yi na yi. Na ɗauki matsakaiciyar ganga na sassauta fatar, a tunanina in ta daina tsiwa ta yi ƙasa da murya ba za ta yi nisa ba. Jauro ya tafi, ya tafi, har na daina ganin hularsa. Da ya dawo ya ce, "Ɗari shida na ƙirga na gaji. Wannan ba a kunne nake jin ta ba, a ƙirji." Ashe babbar murya mai kauri ita ta fi tafiya. Shekara talatin ina amfani da wannan don a ji ni a nesa, amma ban taɓa juya shi a kaina ba.

Na biyu na cika cikin ƙaramar ganga da tsumma. Jauro bai kai taku hamsin ba ya kafa sanda. Na yi murna na aika wa Mama Saratu. Ta zo ta buga sau uku ta ture ta. "Mai Ganga, katifa na ce ka yi mini? Wannan ko kaza ba za ta taka ba." Gaskiyarta. Kashe murya ba wuya. Abin da ake nema murya mai rai wadda ba ta yawo.

Dabarar daga tsakar gidana ta fito. Maiɗakina tana da wani tsohon turmi na ƙirya, ƙarami, irin na dakan yaji, bakinsa ya cinye ta jingine shi. Na tsaya ina kallonsa sai na tuna Baba Ayuba ba ya taɓa yin ganga da ƙirya. Ya ce itace ne mai rowa, nauyinsa ya yi yawa, ba ya sakin ƙara. Ga shi kuma turmi a rufe yake ta ƙasa, babu inda iska za ta fita ta kai saƙo. Duk abin da ya hana shi zama ganga mai kyau, shi nake nema yanzu. Kuma ba sai na shiga daji ba, kowane gida akwai tsohon turmi.

Na gyara bakin da gizago ya daidaita. Na ɗauki fatar ɗan maraƙi ban kankare gashin ba, don gashi yana shanye kaifin bugu. Na ɗaura ta da ƙarfi, ba sako-sako ba. A ciki na sa audugar rimi cikin tafin hannu ɗaya kawai, na manna ɗan kakin zuma a tsakiyar fatar don muryar ta zauna. Sandar kiɗa kuwa na hana, da tafin hannu za a buga. Sau huɗu ina kwancewa ina ƙara audugar ina ragewa. A na biyar Jauro ya kafa sandarsa, ya dawo yana ƙirgawa a karo na biyu don ya tabbatar. Ɗari da arba'in. Ya ce, "A nan kusa kuwa tana da daɗi. Kamar ana daka a gidan maƙwabta ana jin nishaɗi."

Mama Saratu ta zo da mata biyu. Suka zauna a cikin shago, na rufe ƙofa, ta ɗaga waƙa, ɗaya daga cikin matan ta kaɗa turmin. Baiti ɗaya suka yi ɗayar ta miƙe ta fara takawa. Uwar Zumunta ba ta yabe ni ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Guda uku. Zan aiko da turame." Da ta tashi tafiya ta kifa turmin a kanta, ta sa zani ta rufe fatar. Duk wanda ya gamu da ita a hanya tsohuwa ce da turminta.

Lahadin da za a fara kaɗawa na je da kaina, don mai sana'a ba ya aika kaya irin wannan ya zauna a gida. Dattijo Markus ya ce shi ba zai shiga ba, zai tsaya a bakin hanyar ya ji da kunnensa, in ya ji ko ɗis zai zo ya tsayar. Aka rufe tagogi aka fara. Coci ne na laka mai rufin kwano, mutum kamar saba'in. Turame uku da tulu ɗaya da tafi a hankali. Na ga tsofaffin da suka shigo da sanda sun ajiye ta. Ana cikin waƙa ta uku sai ga Dattijo a bakin ƙofa. Kiɗa ya tsaya cak, kowa ya zuba masa ido.

Ya ce, "Me ya sa ba ku fara ba?"

Mama Saratu ta ce, "Waƙa ta uku muke, Dattijo."

Ya ce, "Ni zakara kawai na ji da injin niƙa." Ya wuce bencinsa ya zauna. "To, ku ci gaba mana, kun tsaya kuna kallona."

Kafin kaka labari ya zaga. Mata suka riƙa zuwa da tsofaffin turame daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba, kowace da adadin takunta a baki, wannan ɗari biyu, wannan ɗari da ashirin. Kowane turmi sai an auna shi daban, don babu biyu masu murya ɗaya. Jauro ya sha shayina har ya ce in ƙara masa da burodi.

Ba zan yi ƙarya in ce gangar turmi ta tsare kowa ba. Ba aikinta ba ne. Ƙauyen Mama Saratu ma daga baya sai da suka tashi suka shigo gari na wani lokaci, ba ta dalilin kiɗa ba, a gona aka tare mutanensu. Abin da na sani shi ne ba a taɓa shiga wani coci saboda an ji ƙarar aikina ba, kuma da suka taso, turamen suna cikin kayan da suka ɗauko.

Ga lissafina. Gangunan da ke bayan shago, gara ta ci biyar, ɓera ya lalata fatar wasu, sauran masu su sun karɓa da hanya ta ɗan buɗe. Busasshiyar alilliba da na tara ta ƙare, kuma ƙafata ba za ta sake kai ni inda take ba, don haka babbar ganga irin ta da na gama yin ta. Wannan asara ce, ban ɓoye ba. Turame kuwa arba'in da huɗu na ɗaura wa fata, ribar kowane bai wuce na cefanen kwana biyu ba, amma shago bai rufe ba ko yini ɗaya. Coci goma sha ɗaya suka ci gaba da yabon Allah da kiɗa a lokacin da aka ce kiɗa ya ƙare. Itacen na matan ne, fatar ta Jauro ce, muryar ta Mai ita ce. Nawa a ciki shi ne na san yawan audugar da za a sa, kuma a duk Birnin Gwari ni kaɗai na sani. Na auna, na ga ni ke da riba.